Kasalar matsarmama ga masu ciwon suga: a yi hattara da magunguna

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin masu ciwon suga kan wata matsala da ba a cika ambatonta ba, wato kasalar matsarmama. Wannan 'yar jaka da ke maƙale a ƙarƙashin hanta tana tara ruwan ɗaci, kuma da zarar abinci mai maiƙo ya shiga ƙaramin hanji sai ta tsuke ta tura shi domin a narkar da kitsen. Idan suga ya daɗe yana hawa, yakan lalata jijiyoyin da ke kai mata saƙo, sai ta saki jiki ta kasa juye abin da ke cikinta. Ruwan ya kwanta ya yi kauri, daga nan tsakuwa ta fara haɗuwa. Lalacewar jijiyoyin kan kuma dusashe zafin ciwon, har mutum ya ɗauka kumburin ciki ne kawai.

Likitoci sun gwada magungunan da ke motsa ciki da hanji, amma kowanne yana da nasa cikas. An janye cisapride daga kasuwar Amurka a shekarar 2000 saboda yana rikita bugun zuciya. Erythromycin yana sa matsarmama ta tsuke, sai dai ƙarfinsa kan ragu bayan 'yan makonni, ga shi kuma asalinsa maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, wanda yawan shansa ke sa ƙwayoyin su daina jin magani. Metoclopramide kuwa, a 2009 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi kashedin cewa daɗewa ana shansa yana jawo motsin baki da fuska wanda mutum ba ya iya tsayarwa, kuma ba lallai ne ya warke ba.

A ganina, ganin magani ya sa matsarmama ta tsuke a hoton ciki bai isa hujjar ɗora mutum kan magani na shekaru ba, muddin ba a tabbatar cewa hakan yana hana tsakuwa haɗuwa ba. Daidaita suga shi ne farkon magani, domin hauhawarsa kaɗai tana rage wa matsarmama kuzari. Haka nan ya kamata likita ya sanar da duk wanda zai ɗora kan liraglutide ko semaglutide, magungunan suga da rage ƙiba, cewa suna ƙara haɗarin ciwon matsarmama, musamman idan ƙiba ta zube da sauri.

Mai ciwon suga da ya ji ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama bayan cin abinci, ko ya ga idonsa ya yi rawaya, ko zazzaɓi ya haɗu masa da amai, ya garzaya asibiti a ranar, ko da ciwon bai tsananta ba.

Naka,
Wani mai karanta jaridarku