Ba mu muka yanka filayen nan ba

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Amsar da baƙonku ya bayar a shirin daren Talata ce ta sa na rubuto. Wai sababbin unguwannin bayan gari ba sa cikin tsari, don haka ba za a ja musu bututun ruwa ba sai an gama da cikin gari. Wallahi raina ya ɓaci. Abin da ya ƙara ƙona min rai shi ne mai gabatar da shirin ya bar maganar ta wuce, bai tambaye shi wa ya yanka filayen ba.

Shekara tara ke nan da na sayi fulotina a bayan garin Gusau. Ba daji na shiga na kafa turaku da kaina ba. Ma'aikata ne suka zo suka yi awo, na biya kuɗin awo, na biya kuɗin takarda, da na tashi gini aka sake karɓar kuɗin izini. Rasit ɗin duk suna nan na adana. A ranar karɓar kuɗi babu wanda ya ce mana ba ma cikin tsari. Sai yau da muka ce a ba mu ruwa?

Mu goma sha ɗaya ne a gidana, kuma ruwan 'yan garuwa muke sha. Kullum sai na sayi kura guda, ita ma da ƙyar take kai mu Magariba in akwai wanki. Idan bazara ta yi rijiyoyi suka ƙafe, kuɗin jarka ninkawa yake yi, kuma ko da kuɗinka a hannu sai ka yi wa mai kura magiya. Ban ga laifinsu ba, su ma layi suke bi, turin kurar nan cikin rairayi kuwa ba ƙaramin aiki ba ne. 'Ya'yana mata biyu tun kafin sallar Asuba suke fita da bokiti zuwa gidan wani bawan Allah mai bohol, sukan dawo an riga an shiga aji. Bohol mai sola da aka gina mana gab da zaɓe bai cika shekara ba injinsa ya mutu, har yau tankin yana tsaye babu ko ɗigo.

Maganar kwata ma haka baƙon naku ya share ta. Mu ba mu ce a yi mana irin na Abuja ba, inda bututu ke kwashe ƙazanta zuwa matatar ruwan ƙazanta da ke Wupa. Magudanar ruwa kawai muke nema, da kwalbati a bakin hanya. Mutum yana da fili hamsin da hamsin, a ciki zai haƙa masai, taku kaɗan ya haƙa rijiya, maƙwabcinsa ma haka. Da damina ta sauka ƙasa ta jiƙa, abin da ke cikin masai shi ke tsiyaya cikin rijiya. A 2021 da amai da gudawa ya addabi Zamfara, da hannuna na ɗauki yaron maƙwabcina cikin dare muka kai shi asibiti, gawarsa muka dawo da ita. Allah Ya jiƙansa. Duk lokacin da na ji ana cewa mu yi haƙuri, fuskar yaron nan nake gani.

Kuma garin nan ba jiya ya fara faɗi ba. Tun da aka ƙirƙiro jihar a 1996 ake gini, sannan ga 'yan'uwanmu da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Maru da Tsafe da Zurmi, su ma a bayan garin suka sami wurin raɓawa. Ga Kogin Sakkwato a gefenmu, ga madatsa. A gaya mana, shimfiɗa bututu kafin a cika wuri da gini ya fi sauƙi, ko sai an zo ana fasa katangun mutane?

Da can in ka yi magana sai a ce kuɗin ƙananan hukumomi suna asusun haɗin gwiwa da jiha. To a watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba su kasonsu kai-tsaye. Duk da haka baƙon naku ya ce famfo na jiha ne, can kuma in ka je a ce maka unguwa ta ƙaramar hukuma ce. Sau uku dattawan unguwarmu suna kai takarda, ko amsa ba a ba mu ba.

Sannan ku duba layin wayar nan naku. Na kira ya fi sau goma, sau ɗaya ya shiga, ina cikin sallama aka katse aka sa tallar maganin gargajiya, katina ya tafi a banza. In ba za ku saurari masu kira ba, ku daina karanto lambar.

Don Allah ku sake gayyato mutumin nan, ku tambaye shi wa ya yanka filayen, kuma a wace shekara bututu zai iso mana. In kuna so, ni zan kawo rasit ɗina har ofishinku.

Wassalam.
Mai sauraronku daga Gusau, Jihar Zamfara.