Wasiƙa zuwa ga ɗana kan allurar rage tumbi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyalinka, mu ma nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Gero ya nuna, har an fara yanka a gonakin hanyar Ringim.

Ƙanenka ya nuna mini hoton 'yan kwalaben nan biyu da ka turo masa ta WhatsApp. Kada ka ga laifinsa, ni na matsa masa. Na sa tabarau na karanta: ɗaya ipamorelin, ɗaya CJC-1295. Ya ce wani abokinka a gidan motsa jiki ne ya ce suna narkar da tumbi su bar tsoka. Ikon Allah! A zamaninmu tumbi alamar arziki ce, yau ga shi ana biyan kuɗi a raba mutum da shi. Ban ƙi ka rage ba, don ranar sallah na ji yadda kake haki daga masallacin idi zuwa gida. Hanyar ce ban yarda da ita ba.

Ka san shekarun da na yi ina aikin lafiya a karkara, to bari in gaya maka abin da ke cikin kwalbar. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙulli da bai fi ƙwayar wake ba, likitoci suna ce masa fituwitari. Shi ke sakin sinadarin girma, jefi-jefi, mafi yawa cikin barci mai nauyi na farkon dare, kuma yana raguwa in shekaru suka ja. Alluran nan ba sinadarin ba ne, zaburar ƙullin suke yi ya ƙara saki. Gaskiya ne sinadarin yana taɓa kitse. Abokinka bai yi ƙarya ba, rabin zancen ya faɗa.

Ga sauran rabin. A dangin magungunan nan akwai tesamorelin, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2010 da sunan Egrifta, amma don masu ƙanjamau da kitse ya taru musu a cikin ciki, kewaye da hanji. A gwajin da aka yi, kitsen ya ragu da wajen kashi 15 cikin ɗari a mako 26. Nauyinsu a kan sikeli kusan bai motsa ba, kuma da aka daina allurar kitsen ya komo. Takardar maganin da kanta ta ce ba na rage ƙiba ba ne. Naka biyun kuwa hukumar ba ta amince da su don wata cuta ba, kuma hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta su ga 'yan wasa. Akwai ma ɗan'uwansu GHRP-6 da ke tayar da yunwa, sai mutum ya sayi yunwa da kuɗinsa yana neman ramewa.

Abin da ya hana ni barci shi ne sukari. Sinadarin girma yana ja-in-ja da insulin, sinadarin da ke sauke sukari a jiki, yana ɗaga sukarin jini. Kai kuwa ka san gidanmu. Kakarka ciwon sukari ya kwantar, baffanka ya rasa yatsun ƙafa biyu, ni kuma kana ganin ƙwayar da nake haɗiya safe da dare. Bangonmu ya riga ya tsage, kai kuma kana kiran ƙadangare. Bayan wannan akwai kumburin ƙafa, ciwon gaɓoɓi da dindiriswar hannu, kuma mai ciwon daji ba a ba shi irin wannan magani sam.

Sai maganar ajiya. Na sha ɗaure akwatin ƙanƙara a bayan babur ina bin rugage da allurar rigakafi, na san yadda zafi ke kashe magani. Garin maganin da ke cikin kwalbar in aka dama shi da ruwa sai firji, wuta kuwa ka san halinta. Wa ya san rana nawa kwalbar ta yi a cikin mota kafin ta zo hannunka? Ban ga lambar NAFDAC a jikinta ba, kuma galibin irinsu rubutun jikinsu cewa yake don bincike ne kawai, ba don jikin mutum ba. Na fasa ƙurajen allurar kasuwa da yawa da hannuna. In kuma ana karɓa-karɓa da sirinji, ga ciwon hanta na jira.

Kafin allura ta taɓa fatarka, je ka yi gwajin HbA1c, wanda ke nuna yadda sukarinka ya kasance a wata uku da suka wuce, a auna maka hawan jini. Ka kai sakamakon wajen likitan sukari a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ka nuna masa kwalaben. In ya ce jikinka na da buƙata, na yi shiru.

Ka karɓi tef ɗin tela ka auna ƙugunka daidai cibiya, ka rubuta. So ake kada ya kai rabin tsawonka. Ka bar lemon kwalba, ka bar taliya da ƙwai wajen mai shayi da ƙarfe sha ɗayan dare, ka kashe waya ka kwanta bayan isha'i, tunda a barcin ne ƙullin ke aikinsa kyauta. Tafiyar ƙafa ta minti 30, kwana biyar a mako. Ga kuma azumin Litinin da Alhamis, ko da yake don Allah za ka yi niyyar. Bayan wata uku ka sake aunawa ka gaya mini.

Innarka ba ta san da zancen ba, kuma ba zan faɗa mata ba. Ta ba direba kuka da daddawa ya kawo wa matarka ranar kasuwa. In ka samu hutu ka zo ɗaukar dami, ka taho da takardar gwajin, kwalaben kuma a rufe yadda suke.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka