Godiya ga cibiyar koyon kwamfuta ta unguwarmu

Assalamu alaikum, Malam Shugaban Cibiya da ma'aikatanka.

Ni ce malamar sakandaren da ta shigo muku ran Laraba da rana tsaka, fuska a murtuke, tana tambayar gilashin VR, wanda ake ɗaurawa a fuska a kalli fim kamar mutum na cikinsa. A yafe mini murtukewar. Kafin in iso wurinku na shiga shago uku a cikin Kaduna. Na farko ya ce kayansu na wasan ƙwallo da tseren mota ne, ba na makaranta ba. Na biyu ya yanka mini kuɗin da ya kusa rabin albashina, kuma ko ɗaga kai daga wayarsa bai yi ba. Na ukun cewa ya yi in dawo “idan oga ya zo”. Ogan nan har yau bai zo ba.

Burina ɗalibaina 'yan aji shida su kalli Daughters of Chibok, fim ɗin Joel Kachi Benson da ya ci kyauta a bikin fina-finai na Venice a 2019. Suna jin ana cewa an sace 'yan mata 276 a Chibok a watan Afrilun 2014, amma a kunnensu lissafi ne kawai. Da gilashin nan kuwa, mutum na tsintar kansa a tsakar gidan uwar da ke jiran 'yarta, ya waiga dama da hagu, babu inda zai kawar da kai.

Yarinyar da ke karɓar baƙi a wurinku ita ta wanke mini zuciya. Ta ce, “Anti, zauna ki sha ruwa tukuna.” Ta saurare ni har na gama. Ita ta tuna mini abin da ban yi tunani ba: wasu yaran kan ji jiri, wasu kuma daga yankin da abin ya shafa iyayensu suka taso, don haka kada a tilasta wa kowa. Ran Asabar ta zo da gilashi huɗu, tana goge kowanne kafin ta ɗaura wa na gaba. Da wata ɗaliba ta cire nata tana hawaye, ta ja ta gefe suka zauna, ba gaggawa.

Kuɗin haya daidai wa daida, rasit kuma a hannu.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda gaisuwa ma ta zama kayan gabas a shagunanmu da ofisoshinmu. Ka shiga da kuɗinka, a dube ka kamar ka zo bara. Na riga na ba malaman makarantu biyu kwatancen wurinku, ku sa ran ganinsu bayan hutu.

Allah Ya ƙara buɗi, Ya yi wa yarinyar nan albarka.

Taku,
Malamar aji shida