A daina ɗora wa konkur ɗaya rayuwar yaro

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ku ba ni fili in yi magana da iyaye da 'ya'yanmu da suka ci bak, wato jarrabawar kammala sakandare, a nan Garwa, Marwa da Ngaundare a arewacin Kamaru. Duk shekara abin da muke gani ɗaya ne: yaro ya sa ransa a kan konkur na likitanci kaɗai, wato jarrabawar gasar neman gurbin karatu, sakamako ya fito babu sunansa, lokacin kuwa an rufe rajistar fakulte, wato tsangayoyin jami'a. Shekara ta tafi a banza ke nan.

Konkur ba kamar bak ba ne. A bak, duk wanda ya kai maki ya wuce. A konkur kujeru ƙidayayyu ne, ana ɗauka daga sama har su ƙare. Na likitanci ma jarrabawa ɗaya ce ta ƙasa baki ɗaya, don haka ɗan Garwa yana takara ne da na Yawunde da Duwala, ko da a fakulten likitanci ta Garwa yake son zama.

Abin dubawa na farko takardar maki ce, ba buri ba. A ɗauko ta bak da ta forobatuwar, jarrabawar da ake yi shekara ɗaya kafin bak, a duba darasi-darasi. Mai seri C ko D, wato ɓangaren kimiyya, wanda lissafi da fizik ɗinsa ba su kai 10 bisa 20 ba, kada ya sa Politeknik ta Marwa a gaba. Mai seri A4 kuwa, wato ɓangaren adabi da harsuna, likitanci da injiniyanci ba ƙofarsa ba ce. Shari'a, adabi da kimiyyar zamantakewa su ne nasa.

A ganina konkur uku sun isa. Ɗaya mai tsauri wanda zuciya ke so, biyu kuma da suka dace da makinsa, misali IUT, wato cibiyar koyon fasaha ta jami'a, ko makarantar likitan dabbobi a Ngaundare. Abin mamaki, a ƙasar shanu muke, amma da wuya ka ji uba ya ambaci wannan ta biyun. Sannan, ko me ake ciki, a yi rajistar farko a fakulte ɗaya da ake shiga da dosiye, wato da takardu kawai ba konkur, a jami'ar Ngaundare, ta Marwa, ko ta Garwa da aka kafa a 2022. In konkur ya yi kyau, sai a bar ta.

Yawan konkur ba dabara ba ce. Kowanne da kuɗin dosiyensa, tambur, hotuna, takardar likita, ga kuɗin mota da masauki. Wani lokaci biyu su faɗo rana ɗaya a garuruwa daban, an biya, ɗaya kaɗai za a zauna. A jera ranakun a takarda ɗaya kafin a fitar da ko dala.

Kuɗin jami'ar gwamnati sefa 50,000 ne a shekara, shi ke ruɗar iyaye. Ainihin nauyin yana ga ɗaki, abinci da sufuri na wata tara ko goma. Ɗaki a Dang, inda jami'ar Ngaundare take, da ɗaki a Yawunde ba ɗaya ba ne, musamman ga ɗiya mace da ba ta da dangi a can. A yi wannan lissafi na shekara uku, ba na farko kaɗai ba. Mai son BTS, diplomar sana'a ta bayan bak, a makarantar kuɗi ya nemi ganin takardar izinin ma'aikatar ilimi mai zurfi ta wannan fannin takamaimai.

Sai abin da ya fi kayar da yaranmu tun kafin a shiga ɗakin jarrabawa: takardar haihuwa. A nan an rubuta Ousmanou, a can Ousman, ko ranar haihuwa ta saɓa da ta diploma. Gyaran yana bi ta kotu, yana cin makonni, wani lokaci watanni. Akwai kuma konkur masu iyakar shekaru. A haɗa takardun biyu a karanta harafi-harafi tun yaro yana tarminal, ajin ƙarshe na sakandare.

Na gode.

Wani malamin lise,
Garwa