Kafin a ce tsohuwar saba ta mutu, a duba fil da gurbin kati

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, muna roƙon fili a jaridarka domin mu ja hankalin masu cibiyoyin jarrabawa ta kwamfuta, makarantu da ƙananan ofisoshi a Kano, da abokan sana'armu na Beirut Road da Farm Centre. Tsofaffin saba, wato manyan kwamfutocin da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima, irin su HP ProLiant da Dell PowerEdge na shekarun 2000 suna shigowa a gwanjo, kuma abin takaici da yawa ana jingine su a ce sun mutu, alhali lafiyarsu ƙalau. Ciwon yana wurin wayar sadarwa ne, wato kebul, ko katin sadarwa.

Mu fara da kan waya, wato RJ45. Fil takwas gare shi, wato ƙananan ƙarafan da ke bakinsa, amma tsohon kati mai gudun megabit 10 ko 100 huɗu kawai yake amfani da su: na 1 da na 2 su aika, na 3 da na 6 su karɓa. Kati mai gigabit kuwa duka takwas ɗin yake so, don haka idan fil na 4, 5, 7 ko 8 bai ciji waya ba, sai ka ga gudun ya faɗo 100, a yi ta zargin katin a banza. Jerin launin igiyoyi da aka fi bi, daga fil na 1 zuwa na 8, shi ne T568B: fari da lemo, lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. A lura, kore an raba shi da abokinsa, ɗaya a 3 ɗaya a 6. Nan ne yara masu koyo ke zamewa. Sai su jera launi kusa da launi a kai biyun iri ɗaya, testa ta kunna fitilu takwas reras, maigida ya ce aiki ya yi. Amma siginar 3 da 6 ta hau igiyoyi biyu da ba a murɗe tare ba, murɗin nan kuwa shi ne ke kashe hayaniya. A kan tebur za ta yi aiki. A ja ta zuwa ƙarshen zaure, sai saƙo ya riƙa ɓacewa. Iyakar waya ɗaya mita 100 ce, kuma da ta jan ƙarfe zalla ake nufi, ba mai araha da aka shafa wa alminiyam jan ƙarfe ba.

Haɗa tsofaffin kwamfuta biyu kai tsaye ba tare da suwic ba, wato akwatin da ke haɗa kwamfutoci, yana buƙatar waya mai gicciye, kai ɗaya T568A (inda kore da lemo ke musayar wuri) ɗaya T568B, domin katunan da ba sa juya fil da kansu.

Sai kati da irin gurbin da yake shiga a cikin injin. PCI-X daban, PCI Express daban, duk da sunan ya yi kama. Ko gurbinsu ba ɗaya ba ne. Kafin ka biya kuɗi, juya katin ka dubi haƙoransa na zinare. Tsagar da ke kusa da ƙarfen baya ta bolt 3.3 ce, wadda ke can nesa ta bolt 5, mai tsaga biyu kuma yana shiga gurbin 3.3 da na 5 duka. Gurbin PCI-X na 3.3 ne, saboda haka tsohon kati mai 5 ba zai zauna ba. Don Allah kada a goge shi da zarto don ya shiga, tsagar nan an yi ta ne don kare bod, wato babban allon injin, daga ƙonewa. Ko katin ya shiga, akwai saura: PCI-X yana kaiwa megahaz 133, amma idan aka sa kati mai 33 a layin da yake rabawa da wani, duk layin zai sauko 33. Haka kuma katin gigabit a gurbin PCI na bit 32, wanda iyakarsa kusan megabait 133 ce a daƙiƙa kuma rabawa ake, da wuya ya ba da cikakken gudu. Ga saba mai PCI-X, kati irin Intel PRO/1000 MT ya fi dacewa, kuma direbansa, wato manhajar da ke tafiyar da shi, ba ya wahalar samu.

Ba kowane rami mai kama da na RJ45 ne na sadarwar yau da kullum ba. A bayan ProLiant, wanda aka rubuta wa iLO na kula da injin ne daga nesa. A saba ƙirar Sun Fire V240, ramin SERIAL MGT siriyal ne na ba injin umarni kai tsaye: fil na 3 aikawa, 6 karɓa, 4 da 5 ƙasa, gudu bit 9600 a daƙiƙa, kuma wayar konsol yake so. Ka cusa masa wayar suwic, fitila ba za ta kama ba har gobe. Kan wayar tarho ma yana shiga ramin RJ45, amma yakan lanƙwasa fil na 1 da na 8. A haska ramin da tocila. Filolin su tsaya a jere kamar haƙoran mataji, idan ɗaya ya kwanta a ɗago shi a hankali da tsinke bayan an cire wuta.

Ƙurar hunturu ma tana da nata rabon. A kashe injin, a zare wayar wuta, a taɓa ƙarfen akwatin kafin a kama kati, a goge haƙoransa da sifirit mai tsabta, a busa gurbin, sannan a danna shi har ya zauna daram kafin a ɗaure noti.

Wassalam.

Naku,
Wasu masu gyaran kwamfuta, Kano