Gayyar Romaniya tana mutuwa, tamu ma tana kan hanya

Assalamu alaikum Malam Edita.

Ɗan ƙanwata da ke karatu a Romaniya ya zo hutu bana, muna zaune da dare yana ba mu labarin ƙauyukan can, wallahi sai na ji kamar garinmu yake faɗi. A ƙidayar 1992 mutanen ƙasar sun kusan kai miliyan 23, a ta 2021 sun dawo miliyan 19. Tun da suka shiga Tarayyar Turai a 2007 ƙofa ta buɗe, samari suka kwarara Italiya da Ispaniya, wasu gini wasu aikin gona, mata da yawa kuma suna can suna jinyar tsofaffin wasu alhali nasu tsofaffin na gida su kaɗai da jikoki.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne, ashe su ma suna da gayya, clacă suke ce mata, gari ya taru a yi ma mutum aiki ba biya sai abinci. Suna da șezătoare kuma, mata su taru da dare lokacin sanyi ana kaɗi ana saƙa ana waƙa da tatsuniya, kamar yadda iyayenmu ke yi a tsakar gida. UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa waƙarsu ta gargajiya da ake kira doina cikin al'adun gado na duniya a 2009, rigarsu ta mata mai ado a 2022, to amma takarda ba ta riƙe mazari Malam, in babu ƴan mata a gari wa za a koya ma?

Damanar bara na je gida wajen Madarunfa lokacin noman farko, na tarar da Inna zaune bakin rumbu da waya a hannu tana jiran ƙanena ya turo kuɗi daga Libiya ta biya ƴan ƙodago. Gonar nan da idona na ga an yi mata gayya da kalangu, samari sun fi talatin, kafin azahar an gama an sha fura. Yanzu samarin suna Agadas, suna Kano, suna Aljeriya. Ban ga laifinsu ba, yunwa ce ta kore su ba son yawo ba. Dandali kuwa awaki ne ke kwana ciki.

Don Allah Malam Edita ku tura ɗan jaridarku ƙauyukan Tibiri da Gidan Rumji ya zauna da tsofaffin nan ya ɗauki waƙoƙin daka da kirarin gayya, Inna ma ta ce rabin na uwarta sun riga sun ɓace mata.

Naku mai karatu,
daga Maradi