Sanarwa kan lissafin sunan jariri

Assalamu alaikum ƴan uwa. Gardama ta yi yawa kan zaɓa wa jariri suna ta lissafin ƙarfin da aka ce suna na ɗauke da shi. Masu wannan imani kan ba kowane harafi lamba: A 1, B 2, har I 9, sai J ya koma 1, sannan a tara na cikakken sunan. A Jafan kuwa zanen haruffa ake ƙirgawa. Ku duba fa, Muhammad yana ba da 29, Mohammed 36, alhali suna ɗaya ne, rubutu kawai ya bambanta.

Don Allah a daina turo cikakken sunan jariri da ranar haihuwarsa nan. Mai neman ma'anar suna ya rubuto sunan kaɗai.